Ranar Da Na Sauka Na Tura Gingimari

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, kuma ko na so in manta, 'yan majalisar ƙofar gidanmu a Jakara ba za su bar ni ba.

A shekarun da bama-bamai suka addabi Kano ne. Ni ɗan acaɓa ne a lokacin, kuma dokar kowane shingen sojoji ita ce mai babur ya kashe tun daga nesa, ya sauka, ya tura har ya wuce. A wuni sai in sauka sau ashirin. Ranar da na yi jinkirin sauka sau ɗaya, wani soja ya zabga mini bulalar waya a gadon baya, har yau shatinta yana nan. Daga ranar, da na hango buhunan yashi ƙafata ke neman ƙasa da kanta, ba ta shawara da ni.

Sai kuma aka hana acaɓa gaba ɗaya. Na zauna gida da mata da 'ya'ya uku, ina kallon babur a jingine a soro kamar tsohuwar tabarma. Kawuna Alhaji Bala na Soron Ɗinki yana da gingimari guda mai kai kaya Kudu, direbanta Baba Sale, wanda idonsa ya fara rauni. Kawu ya ce in na koya na samu lasisi, motar tawa ce in tuƙa. (Ya faɗa da irin muryar nan ta mutumin da ya riga ya san ba za ka iya ba.) Baba Sale ne ya tsaya mini.

"Alhaji, ka bar ni da shi. Wata shida, in bai iya ba ka ce ni ne ban iya ba."

Wata shidan nan na ci wuya. Ina magidanci, ni ne wanke mota, ni ne sa wa taya waigi don kada mota ta gangara, ni ne shan ranƙwashi in na saki kuloci da garaje. Amma na iya, wallahi na iya. Har ribas nake shiga da ita lungun gareji ba tare da na goga ko'ina ba. Kullum karatun Baba Sale ɗaya ne: "Ɗan nan, kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa, hannunka ya taɓa birkin hannu."

Ranar gwaji, wato Talatar nan, na sa farar shadda (don Allah wa ya aike ni?), matata ta bi ni da addu'a har soro. Jami'in gwaji ya zauna a bakin ƙofa da takardarsa, Baba Sale a tsakiya. Muka fita bayan ganuwa lafiya lau, ina sauya giya ba ko ƙara, har na ga mutumin yana gyaɗa kai. A raina na riga na isa Legas na dawo wa yara da biredi.

Muna shan wata kwana, ga sabon shinge a ƙasan ɗan gangare, wanda jiya babu shi. Buhunan yashi, ganguna, sojoji huɗu.

Ban yi tunani ba, rantsuwa zan iya yi. Na taka birki, na mai da giya firi, na kashe mota, na buɗe ƙofa na diro. Sannan na dafa ƙofar da hannu biyu, na sunkuyar da kai cikin ladabi, na fara turawa. Gingimari! Abin takaicin ma, ta motsa. Na ɗan lokaci har ina jin daɗin ashe ba ta da nauyi, kafin in gane gangare ne ya ɗauke ta, kuma ta fi ni sauri.

A shekarun nan, babbar mota ta nufo shinge babu direba, direban kuma yana ƙasa, ma'anarta ɗaya ce: bam. Na ji ƙarar ɗana bindigogi. Masu tallar gefen titi suka watse, wata mai awara ta bar kaskonta a wuta. Jami'in gwaji yana ta salati da ƙarfi. Baba Sale ne ya miƙa ya fizgi birkin hannu, motar ta tsaya bayan ta tura ganga ɗaya ta fasa buhu biyu.

Wani soja ya daka tsawa: "Kai! Kwanta ƙasa! Duka ku sauko!"

Na yi tsallen kwaɗo a farar shaddata daga shinge zuwa kwana sau nawa ban sani ba, masu motoci suna leƙe. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne Baba Sale, dattijo mai furfura, kwance rub da ciki a kan kwalta da tsakar rana, hularsa a gefe, saboda ni. Da aka sallame mu, ya kaɗe rigarsa bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Cewa kawai ya yi, "Ɗan nan, ko birkin hannun ai ka ja."

Jami'in gwaji ko takardarsa bai tsaya ɗauka ba, ya tari a-daidaita-sahu ya tafi. Kawu ya ba wani motar kafin Juma'a, ya kuma daina amsa gaisuwar Baba Sale har tsawon wata guda. 'Yan majalisa suka raɗa mini suna Tura-Tirela, har 'ya'yana da shi ake kiransu a makaranta.

Abin da na koya shi ne, karatun da bulala ta yi wa mutum, malami mai haƙuri ba ya goge shi a wata shida. Yanzu kura nake turawa a Kasuwar Kurmi, ina kai wa 'yan fata kaya. Aƙalla dai a wannan aikin, ba wanda ya taɓa ce mini don me na sauka ina turi.