Kofin Yunnan da Kanwa

A shekarar gasar Olamfik ta ƙasar Sin, laoban ɗina na kasuwar Guangyuan, wato Basinen da nake sarin riguna a shagonsa, ya ba ni ƙullin kofin lardin Yunnan. Ya ce babansa ke noma shi kan tsauni, a shanya a rana, ƙamshinsa kamar na 'ya'yan itace. Ya fara bayanin yadda ake haɗawa, na katse shi. Ni da na tsufa ina shan kofin gwangwani a teburin mai shayi, wa zai koya mini?

Na gayyato manyan fatake ɗakina a unguwar Dengfeng, na cika musu baki. Ƙwayoyin koraye ne masu tauri, ashe sai an soya an niƙa. Na tafasa, na tafasa, suka ƙi dahuwa. To, me ake yi wa wake mai taurin kai? Na jefa kanwa.

Alhaji Sani, mutumin Maraɗi, ya kurɓa, ya dube ni.

"Malam, wa ya haihu? Ai kunun kanwa na maijego ne."

Har yau in na kira shi ba ya tambayar kasuwa, sai dai, "Malam, ya jego?"