Rasuwar Mai Dogon Wuya, da Wanda Ya Kashe Ta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu da ya fi shi zafi, ni Abdulgani Mai Hoto na Gwandu nake sanar da rasuwar na'urar da nake buga hoto da ita, wadda 'yan shago suka sani da Mai Dogon Wuya.

Marigayiyar mai rufa asiri ce. In rana ta cinye aikin farar riga, na ƙara wa wurin haske, sai zaren ya fito. In inuwar rawani ta binne fuskar dattijo, na tare hasken da tafin hannuna, sai fuskar ta dawo. Daga Dalijan har Wurogauri ba ta taɓa kunyata amarya ba. Maganarta ba ta wuce "ƙyas" in an kunna, "ƙyas" in an kashe.

Ba ta yi jinya ba, kashe ta aka yi. Basharu na Kalgo, mijin ƙanwata Azumi, mai neman kansila, shi ya zo yana kumfar baki wai na fito da abokin takararsa ya fi shi haske a hoto. Na gaya masa cewa a ɗakin duhu, inda ake wanke hoto, yawan haske baƙanta fuska yake yi. Ya ce ƙarya nake, an saye ni. Ina masallaci sallar azahar ya shiga ɗakin, ya cire ƙwan fitilarta, ya ɗaura mata ƙaton ƙwan da ake haska filin biki da shi, ya shimfiɗa babbar takarda zai buga hoton kansa, ya tsaya jiran ya zama Balarabe.

Na tarar da hayaƙi. Kalmarta ta ƙarshe "tas", gilashinta ya rabe biyu.

Ta bar farantan wanki uku, da jar fitila marainiya, da hoto ɗaya da ta haifa tana gargara. Na wanke shi da hannuna. Hula ce da haƙora, sauran duk gindin tukunya.

Za a yi jana'iza jibi, ana gobe zaɓe. Za a ɗauko ta a amalanke daga Gwandu, a zaga da ita kasuwar Kalgo rumfa-rumfa, hoton nan a gaba a kan gora, da sunan mai shi da manyan baƙaƙe. Azumi ta roƙe ni in bari, na ce ta kawo kunun sadaka.

Basharu ba sai ya zo ba. Fuskarsa za ta wakilce shi.