Wayar Sagiru a Tukunyar Jego

"Lafiya ƙalau. Mai jego fa? Jaririya fa? To madalla. Kai kuma me ya same ka kake ta shafa aljihu kamar mai ƙaiƙayi?"

Hajiya Barira ce ke tambaya, tana zaune a ƙofar ɗakinta nan Ƙofar Galadima tana tsintar wake a faifai. Wanda ya durƙusa gabanta wujiga-wujiga kuwa jikanta ne Sagiru, mijinta na wasa. Gobe ne sunan 'yarsa ta fari, ga rago can ɗaure a turke, amma uban jaririya sai ka ce wanda aka kawo wa sammaci.

"Tsohuwa, yau ba ranar wasa ba ce. Wayata ta mutu."

"Ayya! Allah ya jiƙanta. Yaushe ne sadakar uku, in daka gumba?"

"Wallahi da gaske nake. Na sunkuya zan iza wutar ruwan wankan matata Sumayya, ta zame daga aljihun gaba, tsulum cikin tukunya. Kafin a tsamo ta da muciya ta dahu da ganyen darbejiya."

Hajiya ta ture faifai ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Ashe ita ma ta yi wankan jego! To me ta haifa?"

"Ki yi dariyarki. Katin gayyatar suna yana ciki, ban tura wa kowa ba, na bari sai yau. Lambobin mutane duk suna ciki. Lambar sirrin da zan dawo da su ma a ciki na ajiye ta."

"Ka kulle ɗaki ka bar makulli a ciki ke nan. Kai, na yi asarar miji! Lambar matarka fa?"

Sagiru ya sosa ƙeya.

"Ta fara da sifili dai."

Ita fa Hajiya ta daɗe tana jiran wannan rana. Ran da aka haihu ta ce a raba goron gayyata gida-gida yadda aka saba, ja'irin yaron nan ya ce a gaban kowa wai an daina yayi, shi da ɗan yatsa ɗaya zai tara Zariya. Maganar ta ci mata rai ƙwarai, ta dai haɗiye. Yanzu ga ɗan yatsan nan yana ta motsi shi kaɗai a kan gwiwa, ba abin dannawa.

"Tun safe ko koko ban sha ba," in ji Sagiru. "Aljihuna sai ya riƙa rawa kamar ana kirana, in duba ba komai. Ko ƙarfe nawa ne ban sani ba. Gobe a shimfiɗa tabarmi, daga ni sai rago!"

"Ragon ma don yana ɗaure ne."

"Haba amaryata, farar tsohuwa mai haƙoran 'yan mata."

"Guda huɗun? Rufe mini baki. Jawo mini kwallar can ta ƙarƙashin gado."

Ya jawo ya buɗe. Goro ne fari da ja, lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma, ko ɗaya bai yi yaushi ba.

"Yaushe kika tanadi wannan?"

"Ran da ka yi mini rashin kunya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau dutsen Kufena ba zai hango ba. Buɗe kunnenka. Ka fara da Tanko wanzami, rabin kawunan unguwar nan a hannunsa suke kwana. Daga nan ka kai wa ladan, ya faɗa bayan Magariba. Ka ba Bahago mai acaba na danginmu na Kufena. Sannan ka bi lungun marina, ka wuce tsamiya, gida mai zaure biyu, ka yi sallama da Talatu mai kitso."

"Bari in rubuta a…" Hannunsa ya sake tafiya aljihu.

"A kanka za ka rubuta, in ba shi ma ya faɗa tukunyar ba. In ka ba Talatu goro, ka rage murya ka ce mata ƙwarya-ƙwaryar taro ne, kada ta gaya wa kowa."

"To ai ba mu yi komai ba ke nan!"

"Kai dai jeka. Kafin La'asar labari ya kai Wusasa ya dawo."

"Abokaina fa?"

"Da ba sa zama wurin mai shayi ne? Ko su ma a cikin wayar suke kwana? Zumunta a ƙafa take, malalaci. Tashi!"

Ya tashi yana gunaguni, wai tsohuwa za ta kashe shi da tafiya don ta ci gadon ragon. Ta bi shi da cewa ragon ya fi shi auki.

Washegari tun hantsi bai gama ɗagawa ba, ƙofar gida ta cika ta batse. Tabarmi suka ƙare, aka aro na masallaci, su ma suka ƙare. Mutanen Kufena har da kajinsu. Hajiya na daga ɗaki tana jin hayaniya tana kaɗa ƙafa, daɗi kamar ya kashe ta. Can sai ta ji sanƙira ya ɗaga murya: sunan yarinya Barira! Mata suka ɗauki guɗa. Hawaye suka zubo wa tsohuwa, ta yi maza ta goge da jin takun Sagiru.

Ya shigo yana ɗingishi, ƙafa duk ta yi bororo.

"Na sallama, tsohuwa. Da tsohuwar zuma ake magani."

"Toshiyar baki ce wannan sunan?"

"Tun ran da aka haife ta na yi mata huɗuba da shi. Abin da ya hana ni shan koko ke nan, kada a kira sunanki a gaban tabarmi ba kowa a kai."

Hajiya ta kau da kai ta ce hayaƙin girki ne ke damun idonta. Aka kawo mata takwararta, ta rungume, ta tofa mata addu'a. Ta waiga ta ga hannun Sagiru ya doshi aljihu, sai ta ɗora masa jaririyar a kai.

"Ungo abin riƙewa, tunda hannunka ba ya zama haka nan. Wannan ma tana ƙara ba dare ba rana, kuma ba ta da wurin kashewa. Saura ka sa mini ita a aljihun gaba!"

Sagiru ya ƙyalƙyale da dariya, ya riƙe ta da hannu bibbiyu.