Cinyar Rago a Amphi

Akwai ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba ko da na so, domin har yau akwai masu kirana da sunan da na samo a cikinta.

Ni ce ta farko da ta samu gurbin jami'a a gidanmu na unguwar Treichville, sai kaina ya kumbura. Tun ban taka ƙofar makarantar ba na haddace kalmominta na Faransanci: licence, semestre, rattrapage. Da yamma in Baba ya dawo daga rumfarsa ta nama a kasuwar Adjamé, sai in zaunar da shi ina ta zuba masa bayani kamar wadda ta shekara goma a ciki. Da ya tambaye ni mene ne amphi, na ce, “Aji ne kawai, Baba, irin na sakandare.” (Ban taɓa ganinsa ba fa, amma a lokacin “ban sani ba” ta fi ƙarfin bakina.)

“To madalla,” in ji shi. “Sai mu je in damƙa ki a hannun malaminki.”

Haka yake yi tun rasuwar Inna. Duk makarantar da na shiga, shi zai kai ni da ƙafarsa ya ba malami amana. Ban ga aibun haka ba. Ni ce ma na zaɓi cinyar ragon da za a kai, na riƙo ƙullin goro.

Ranar da muka je, muka tura ƙofar amphi. Jama'a, ashe amphi kasuwa ce guda! Ɗalibai ɗaruruwa, layi bisa layi har ƙasa, malami can a gindi yana darasi da makirufo. Na ja hannun rigar Baba. Ina! Ya riga ya rangaɗa sallama ya fara sauka.

Malamin, wani dattijo mai furfura, ya dakata. Faransancin Baba na ciniki ne, don haka ya juyo gare ni.

“Uwata, fassara masa.” (Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni.) “Ce masa ga amana. Ba ta da uwa. Ba ta karyawa da safe sai an matsa mata. In ya ga ta yi shiru, yunwa ce.”

Da bakina na fassara, makirufon da ke kan tebur kuwa ya kai wa na layin ƙarshe. Ɗaki ya ɗauki dariya da tafi. Wani ya hango ƙafar ragon ta leƙo daga takarda, ya kwarara ihu, “Mademoiselle Gigot!” wato 'yar cinyar rago. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Malamin bai yi dariya ba. Ya sa hannu biyu ya karɓi cinyar da goron, ya ɗan rusuna, ya ce, “Papa, na karɓa.”

A waje na cika na yi fam, na shirya faɗa. Sai na ga Baba yana waiwayen ƙofar, idonsa ya kawo ruwa.

“Uwata, mutane da yawa haka, wa zai lura in ba ki da lafiya?”

Nan fushina ya tafi, tausayinsa ya kama ni.

Yanzu in ƙannen unguwa suka tambaye ni abin da ban sani ba game da jami'a, nakan ce su bari in je in gani tukuna. Amma fa har shekarar ta ƙare, cikin ɗaruruwan nan, ni kaɗai ce malami ke tsayar da darasi ya tambaya ta makirufo ko na karya.