Ragon da Ya Yi Haushi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je gaishe da mahaifin Samira, yarinyar da nake nema, a gonarsa ta bayan garin Makka. Ni ɗan unguwar Tandabawi ne ta cikin Makka, a nan aka yanke min cibi, sanina da dabba bai wuce naman da ke kan shinkafa ba. Amma tun muna shan gahawa na fara cika baki, wai kakana dillalin tumaki ne a Sakkwato, sanin jinin dabba gadonmu ne. (Kakana tela ne, Allah ya jiƙansa.) Ga shi na bar tabarau a mota, don Samira ta ce yana tsofar da ni.

Alhaji ya ajiye finjali. "Madalla! Ɗana Faisal ya sayo wata dabba a Jidda, wai ta asali ce, ni kuwa na ce ruwa biyu ce. Tashi ka raba mana gardama, ya waladi, yarona."

Muka fita da Faisal, yayan Samira, da kawunnanta. Can gindin dabino na hango wani ƙaton abu fari tas a kwance, gashi a nannaɗe kamar auduga. A raina na ce, rago kuwa ai rago ne. Na naɗe hannun riga na durƙusa.

"Kun ga gashin nan? Babu gauraye." Faisal ya washe baki.

"Kunnuwa a zube, alamar jini mai kyau." Kawunnai suka gyaɗa kai.

Na laluba goshi ban ji ƙaho ba, na ce masu daraja ba sa wahalar da kansu da shi. Na buɗe bakinsa. Haƙoran sun yi min tsini da yawa, amma na ce haka na ƙasar waje suke. (Har yanzu ban farga ba, jama'a.)

Na miƙe ina kakkaɓe hannu. "Baba, wannan tsantsar asali ne. In kun yarda, a ajiye shi don walimar bikinmu. Kabsarsa, dafa-dukar shinkafa da nama, za ta ƙosar da unguwa guda."

Faisal ya dafe ƙirji. "Lulu za ka yanka?"

Jin sunansa, ragon ya miƙe, ya ɗora min ƙafafu a kafaɗa, ya lashe ni daga haɓa har goshi, sannan ya yi haushi. Ban san yadda aka yi ba, na dai tsinci kaina a kan tankin ruwa ina salati, takalmi ɗaya a bakin Lulu.

Alhaji ya ɗaga kai, hawaye na zuba don dariya. "Ya waladi, a Sakkwato haka raguna ke kuka?"

Daga saman tankin na ji bayani: kare ne, babban nau'in da ake kira fudil, Faisal ya kawo shi gadin gona. Ina sakkowa aka ba ni ruwa da ƙasa na dinga wanke fuska, Samira da ƙannenta na leƙe ta taga.

Na ɗauka aure ya fasu. Sai Alhaji ya ce wanda ya sa hannu a bakin kare don 'yarsa ba zai guje wa ɗawainiyarta ba. Ranar walima kuwa babu ɗan'uwan amarya da ya taɓa nama sai da ya tambayi wanda ya zaɓo dabbar.

Tun ranar, in an nemi ra'ayina kan asalin wani abu, ina jira ya fara yin kuka tukuna.