Ranar da Na Yi Alƙalancin Balo da Mataccen Agogo

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da aka miƙa mini usur a filin balo, wato ƙwallon ƙafa, a Magariya ba, ko da yake na yi shekaru ina ƙoƙarin in manta ɗin. Zamanin Nasara ne, saura ƴan shekaru su sauke tutarsu. Ni kuwa ina saurayi, ban jima da fitowa daga lakol, wato makarantar boko, a Damagaram ba, an ɗauke ni ƙaramin akawu a wani kanti mai sayen gyaɗa. Iyayena suna can Guci suna noman gero da kiwon ƴan shanu, ni ina nan ina yawo da farin gajeren wando, da riga mai aljihu biyu, da agogo a hannun hagu.

Agogon nan a hannun wani falke mai zuwa daga Kano na saye shi. Sati uku ya yi yana aiki. Da bazara na je gida, na tsaya taya Baffana shayar da shanu a bakin rijiya, guga ta kuɓuce ta yi mini wanka, agogo ya sha ruwa ya yi shiru. Na girgiza shi, na shanya shi a rana, na binne shi cikin gero kwana biyu kamar yadda wani ya ba ni shawara. Bai ƙara motsi ba. Mai hankali da sai ya cire ya ajiye a akwati. Ni ban cire ba, don na riga na ɗanɗana daɗin a tsayar da ni a kasuwa a ce, "Malam akawu, ƙarfe nawa?"

Sai na samo dabara. Da safe in an busa ƙaho a bariki, in murɗa hannuwan agogon da yatsa in daidaita. In an kira azahar in sake murɗawa. Idan wani ya tambaye ni lokaci, sai in saci kallon inuwa, sannan in ɗaga hannu in ɗaure fuska in ce, "Sha ɗaya saura kwata." (Kwatan nan ita ce ke sa a yarda. Ba wanda ke zargin mai cewa saura kwata.) Haka na yi wata da watanni ba wanda ya kama ni, don masu agogo a garin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma ba su ne ke tambayata ba.

A lokacin akwai gasar kofi da ake yi tsakanin ƙungiyoyin balo na ƙasashen da Faransa ke mulki a wannan yanki, wadda ake ƙarewa a Dakar. Kafin a kai can, sai an yi wasannin share fage a kowace ƙasa. Mushe Isufu, darektan lakol ɗin garinmu, shi ya kafa mana ƙungiya, kuma shi ya yi ta rubuta takardu har aka yarda a saka mu. Tsarin mai sauƙi ne: wata ƙungiya daga Damagaram za ta zo mana gida, wanda ya ci ya tafi Yamai, wanda ya ci a Yamai ya fita ya kara da na wasu ƙasashe. Ba wanda ya yi mafarkin Dakar a cikinmu. Yamai ma ta ishe mu. Ƴan wasanmu maƙera ne da maɗinka da masu ɗaukar buhun gyaɗa, duk ba takalmi. Kaftin ɗinsu abokina ne, Habu maƙeri, wanda bai taɓa wuce Matamaye ba, amma ya riga ya ba da ɗinkin sabuwar riga ta zuwa Yamai.

Ranar wasa baƙi suka iso kafin azahar a bayan kamyo, wato babbar motar kaya, da riguna iri ɗaya da takalma masu ƙusa. Alƙalin wasa da shugabansu wai suna tafe a ƙaramar mota. Aka yi ta jira. (Daga baya muka ji motar ta lalace a bayan Bande.) Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, shi ma ya fita rangadi wajen Dungas, sai yamma zai dawo. Fili kuwa ya cika. Har daga Dogo-Dogo mutane sun zo a kan jakuna, mata sun kafa kaskon ƙosai a gefe.

Bayan la'asar kaftin ɗin baƙi, wani dogo mai suna Lawali, ya zo ya sami Mushe Isufu. Ya ce yawancinsu ma'aikata ne, gobe Litinin dole su kasance a biro, wurin aikinsu. Ko a fara wasa yanzu, ko su koma su rubuta cewa Magariya ba ta shirya ba.

Mushe Isufu ya waiga yana duban jama'a. Idonsa bai tsaya a fuskata ba, a hannuna ya tsaya.

"Kai, zo nan. Ka san dokar wasa, ko?"

"Na sani, Mushe."

"Ga kuma agogo. To alhamdu lillahi. Minti arba'in da biyar, a huta, a sake arba'in da biyar. Karɓi usur."

Nan ne ya kamata in buɗe baki. Abin da zan faɗa bai fi numfashi ɗaya ba: Mushe, ba ya aiki. Amma na duba na ga mahauta da ƴan koli da dillalan gyaɗa, duk mutanen da na yi watanni ina gaya wa lokaci, sun zuba mini ido. Sai na ji bakina ya ce, "To, Mushe."

Lawali ya dube ni ya ce, "Na san shi, ajinmu yana gaban nasu a lakol. Ba shi da rigima. Mun yarda."

Na juya baya kamar mai addu'a, na murɗa agogo ya tsaya ƙarfe huɗu daidai, na busa usur.

Kada ku ce na shiga ba shiri. Ina da gyaɗa a aljihun hagu, kamar kowane ma'aikacin kantinmu. Na ce zan riƙa ƙirga sittin a zuci, kowane sittin in ɗauke ƙwaya ɗaya in mayar aljihun dama. In sun kai arba'in da biyar in busa. Dabarar ta yi aiki har ƙwaya takwas ko tara. Sai Lawali ya zura mana ƙwallo, namu suka yo kaina suna cewa da hannu ya tare, nasu suna rantsuwa da ƙirji ne. Na ce ci ne, aka mayar da balo tsakiya. Da ƙura ta lafa na tuna da lissafina, na kai hannu aljihun dama, ba komai. Na taɓa na hagu, saura ɓawo. Ashe tun da aka fara gardamar nake ɓare gyaɗar ina ci.

Daga nan ban ƙara sanin inda nake ba. Na ce bari in duba inuwar sandar gola, sai na ga mutane sun tsaya a kanta. Tsorona kuma ɗaya ne: in na busa da wuri, wani zai ce a nuna masa agogo. Muddin ana gudu, ba mai tambaya. Don haka na bar su suna gudu. Jifa-jifa in ɗaga hannu in dubi agogon da natsuwa, in gyaɗa kai, in ci gaba.

Filinmu rairayi ne, ƙafa na nutsewa. Namu sun saba, da shi suka girma. Baƙi da takalmansu masu nauyi suka fara haki. Habu ya sami balo a gefen dama, ya yanke mutum biyu, ya farke. Fili ya ɗauka. Da aka dawo tsakiya Lawali ya matso kusa da ni, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Alƙali, saura minti nawa?"

Na duba hannuna. "Saura biyar."

Aka ci gaba. An jima, an jima sosai, ya sake zuwa.

"Yanzu fa?"

"Saura biyar."

"Ɗazu ma biyar ka ce."

"Ɗazu ban duba da kyau ba."

Can na hango Mushe Isufu a bakin fili yana buga yatsa a wuyan hannunsa yana ɗaga mini gira. Na ɗaga masa hannu alamar na sani, ya kwantar da hankalinsa. (Har yau in na tuna wannan ɗaga hannun sai in ji kamar in shige ƙasa.) Masu ƙosai suka sayar suka kife kasko. Wani cikin baƙi ya zauna ya cire takalmansa ya jefar waje. Mai tsaron gidansu ya jingina da sanda. A cikin wannan hali wani maɗinki namu, wanda bai taɓa cin ƙwallo ba tun da aka kafa ƙungiya, ya ƙara ta biyu. Biyu da ɗaya. Mutane suka shigo fili suna rawa, da ƙyar dogarai suka kore su. Ni ma har na fara jin cewa wataƙila Allah zai rufa mini asiri.

Sai ga motar kumandan. Ya sauko yana kaɗe hularsa, ya tambayi Mushe Isufu da Faransanci ko an kusa tashi. Mushe Isufu ya ce ai ba a je hutun rabin lokaci ba tukuna. Kumandan ya zaro agogonsa daga aljihu, ya duba, ya sake tambaya da ƙarfi, ƙarfe nawa aka fara?

Lawali yana kusa, kuma yana jin Faransanci sarai. Ya bar balo tana gangarawa, ya taho kaina kai tsaye, ya damƙe hannuna ya juya shi. Ya duba. Ya ɗora hannun nawa a kunnensa, ni ina biye kamar akuyar da aka kama a gonar wani. Sannan ya ɗaga hannun sama, ya ɗaga murya.

"Jama'ar Magariya! Agogon alƙalinku ƙarfe huɗu daidai! A wajensa ko fara wasa ba mu yi ba!"

A agogon kumandan kuwa biyar da rabi ta kusa. Rabin farko kaɗai mun yi kusan awa ɗaya da rabi.

Kumandan ya yafito ni, na je. Ya sa na kwance agogon, ya girgiza shi, ya saurara, ya miƙo mini. Yana son nuna yana jin Hausa, don haka da Hausa ya yi maganar, yadda kowa zai ji.

"Wannan ya mutu. Yaushe ya mutu?"

Da na ce yau, da wataƙila an tausaya mini. Amma ƙarya ta riga ta ƙare mini. Na ce, "Tun bazara, ranka ya daɗe."

Lokacin kuwa ana tsakiyar cinikin gyaɗa, an daɗe da girbi. Wani mahauci da nake gaya wa lokaci kullum ya ce, "La ilaha illallahu! Tun bazara?" Daga nan dariya ta ɓarke, ta bi fili daga wannan gefe zuwa wancan. Har baƙin da suka galabaita suna kwance a rairayi suna dariya. Waɗanda ba su yi dariya ba su ne ƴan wasanmu, don sun fara gane abin da zai biyo baya.

Rana ta yi ƙasa, ba halin a yi rabi na biyu. Baƙi suka hau kamyonsu suka tafi. Bayan sati biyu takarda ta zo: an soke wasan, za a sake shi a Damagaram, da alƙali na gaske. Namu suka je. Filin can mai tauri ne, takalmi ya yi aikinsa, aka ci mu huɗu ba ko ɗaya. Ba wanda ya ga Yamai.

Mushe Isufu bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Washegarin wasan na je gaishe shi, kaina a ƙasa. Ya ce, "Da ka raɗa mini a kunne, da na aika an ɗauko agogon bango na lakol. Ga lakol ga fili." Ya ci gaba da duba takardunsa.

Habu kuwa ya daina amsa sallamata. Na bar shi har suka dawo daga Damagaram, sannan na same shi a maƙera yana gyaran hauya. Na zauna a gefe, na karɓi zuga-zugi ina hura masa wuta ba tare da ya ce in yi ba. Mun daɗe a haka. Can ya ajiye guduma.

"Ba mutuwar agogon ce ta ɓata mini rai ba," in ji shi.

"Na sani, Habu. Ƙaryar ce."

"Wace ƙarya? Ni tun da damina na san ba ya aiki, ai ba ya ƙara. Abin da ya ɓata mini rai, mun ci ta biyu, usur yana bakinka, ba ka busa an tashi ba. Me kake jira? Ta uku?"

Ya miƙo mini goro, muka raba.

A kasuwa sunana ya koma Ƙarfe Huɗu, kuma ya bi ni har bayan na yi aure na yi ƴaƴa. Mutane sun ci gaba da tsayar da ni suna tambayar lokaci, sai dai ba su jiran amsa. Abin da na koya bai da yawa, amma ya yi mini amfani a wuraren aiki da dama bayan haka: idan abu ba ya aiki, ko ban san shi ba, ina faɗa da wuri, tun mutum ɗaya ne ke sauraro.