Mai Tallan Burushi a Gidan Hajiya Furera

Wani ne ya sauka Amurka, aiki ya ƙi samuwa, sai ya faɗa kamfanin masu tallan burushin goge-goge gida-gida. Ogan, wani tsohon Bature, ya cika shi da tarihi, wai sana'ar ta haura shekara ɗari, kakansa ma da ita ya gina gida. Ya ce sirrin ɗaya ne, ka gwada wa matar gida ta gani da idonta. Ya miƙa masa jaka, ya ce in Juma'a ta yi bai sayar da ko ɗaya ba, ya dawo masa da kayansa.

Mutuminka ya shiga unguwar Beltsville. Duk ƙofar da aka buɗe sai ya fara da gaisuwa: ya gida, ya yara, ya gajiya, ya sanyi. Kafin ya kai kan burushi an rufe. Inda ya ji maigida ba ya nan kuwa, da kansa yake juyawa, wai shi ba ya shiga gidan matan aure. Kwana uku ko tsinke bai sayar ba.

Ran Alhamis a unguwar Lanham ya yi sallama a wani gida, sai ya ji an amsa da Hausa. Hajiya Furera ce, 'yar Kano, gobe sunan jikarta, Alhajinta kuma yana falo. Ta amsa gaisuwar har ƙarshe. Don daɗi sai da ya yi ƙwalla.

Ya zaro burushi ya goge bakin kafet. Hajiya ta taɓe baki, ta ce ai ko tsumma zai yi wannan, ya gwada kicin. Ya goge kicin. Ta ce ita a banɗaki take gane burushi, kuma nasu huɗu ne. Bawan Allah ya naɗe wando. Alhaji ma ya ce a gwada masa a tayoyin motarsa.

La'asar sakaliya gida na ƙyalli, shi kuma ƙugu ya ƙi miƙewa. Ya dafa bango ya ce, "To Hajiya, guda nawa za a bari?"

Ta ce, "Ayya ɗan nan, burushi kam muna da su, mai gogewar ne babu. Jibi in baƙi sun watse ka dawo ka sake gwada mana."